Ɗinki Ba Allura

Daga Kano saƙon ya zo, ta bakin wani dattijo da ya haura shekara saba'in, kuma gajere ne. Labari ya iske shi cewa magada sun daidaita a kan rushe gidan da aka haife shi a Zangon Kumasi, za a ɗora bene mai shaguna a ƙasa. Bai ja da maganar ba. Ya san 'ya'ya sun yi yawa, ɗakuna sun yi kaɗan, katangar baya kuma kowace damina sai ta zubar da wani abu. Abu ɗaya ya roƙa: kafin diga ta taɓa ginin a ɗauko masa hotonsa, kuma gidan duka yake so, a takarda guda, wadda zai kafa a bangon ɗakinsa.

Rabonsa da gidan tun ƙarshen 1969. A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su bar Gana, dokar kuwa ba ta tambayi inda aka binne cibiyar mutum ba. Mahaifinsa, wanda fataucin goro ya kawo Kumasi tun yana saurayi, ya sayar da abin da zai sayu, ya tasa ɗansa mai shekara 17 a gaba, suka hau babbar mota suka nufi Nijeriya, ƙasar da a lokacin ba ta ma fita daga yaƙin basasa ba. Yayar yaron tana ɗakin miji, mijin kuma takardunsa sun cika, saboda haka ita ta zauna, riƙon gidan ya koma hannunsu. Shi kuwa ya yi ta cewa baɗi zai zo, har baɗin ta zama shekara hamsin da ɗoriya, gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo.

Gidan yana cikin tsohon Zango, tsakanin babbar kasuwar Kumasi da fadar Manhyia. Wanda bai saba da rubutun harshen Tuwi ba ya lura cewa “hy” a wurinsu kusa take da “sh” ta Hausa, don haka sunan a baki ya fi kama da Manshiya. Nan ne mazaunin Sarkin Asante, mutanen da Hausawan dā suke kira Tonawa. Turawan Ingila ne suka gina tsohuwar fadar a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan ya dawo daga tsibiran Sishel inda suka tsare shi. Shekara 28 ya yi rabonsa da Kumasi, dattijon Kano kuwa ya kusa ninka wannan. Ran Lahadin Akwasidae, wadda ke zagayowa duk mako shida, ana jiyo kiɗan fada daga tsakar gidan.

Ginin irin na Kumasi ne: ɗakuna a jere sun kewaye fili ta kusurwa huɗu, kowane da 'yar barandarsa, ƙofar shiga guda ɗaya. Wanda ya tsaya a tsakiya, gidan yana gabansa, yana bayansa, yana damansa da hagunsa. A nan wahalar roƙon dattijon take, domin kyamara ba ta da ƙeya. An sha nuna masa gidan ta kiran bidiyo a WhatsApp, amma ya ce wannan leƙe ne ta kafar makulli: kafin ya gane ƙofar da yake kallo, hannun mai riƙe da wayar ya riga ya wuce.

Aikin ya faɗa kan jikan yayar tasa, ɗalibi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wanda a gidan duk abin da ya shafi waya shi ake kira. Ya ɗauka abin na minti biyu ne. Ya tsaya a fili, ya buɗe wurin ɗaukar hoto mai faɗi a wayarsa, ya juya a kan dugadugansa kamar yadda kibiyar allon ta umarce shi. Abin da ya fito ya ba yaran gida dariya har da faɗuwa. Igiyar shanya ta tsinke gida uku, kowane guntu yana rataye a iska. Ginshiƙin barandar Kaka ya rabu biyu, rabin sama ya goce daga rabin ƙasa. Wata akuya da ta ratsa fili ta fito da ƙafa shida ba kai. Ya sake sau huɗu, akuyar ce kawai ta canza.

Irin wannan hoto Turawa suna ce masa fanorama, kalmar da aka ƙera daga Girkanci, ma'anarta ganin kome. Ta girmi kyamara. Wani mai zane ɗan Ayalan, Robert Barker, shi ya yi wa dabarar rajista a 1787: a zana gari kewaye a jikin bangon zagayayyen ɗaki, mai kallo ya tsaya a tsakiya ya riƙa juyawa. A 1793 ya buɗe irin wannan ɗaki a Landan, mutane suna biya su shiga. A Hausa ana iya cewa hoton kewaye. Aikin haɗa guntayen hotunan kuwa ba sai an ƙirƙiro masa suna ba, ɗinki ya ishe shi, kuma ya fi haɗi ko liƙi dacewa. Haɗi bai faɗi yadda aka yi ba, liƙi kuma aiki ne na wanda bai damu da abin da ke baki-baki ba. Ɗinki ne ke da tela a bayansa, mutumin da ya duba ƙyalle biyu ya zaɓi inda zare zai bi. Mutanen Kumasi ba baƙin wannan tunani ba ne. Kente, zanen da ake saƙawa a Bonwire da ƙauyukan kusa, a sirara yake fitowa daga masaƙa, faɗin kowane tsiri bai fi tafin hannu ba, sai an jera sama da ashirin an ɗinke kafin a sami zanen namiji guda. Bambancin shi ne, kente baki da baki ake haɗa shi, hoto kuwa dole kowane ya hau kan ɗan'uwansa.

Kafin jikan ya kai ga wannan, sai da ya gano abin da ya karya ginshiƙin. Gwajin ba ya bukatar kome sai babban yatsa. Mutum ya miƙa hannu ya tsayar da yatsan, ya rufe idon dama ya dubi wata ƙofa can nesa, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe na hagu. Zai ga yatsan ya yi tsalle, alhali bai motsa ba, ƙofar ma ba ta motsa ba. Wurin kallon ne ya gusa da faɗin hanci. To, wanda ya riƙe waya a gaban ƙirjinsa ya juya a kan dugadugansa, idon kyamarar ba a wuri ɗaya yake juyawa ba, zagaye yake yi mai faɗin kamu biyu ko fi. Duk taku, abin da ke kusa yana gocewa daga abin da ke bayansa. A kan dutse, inda kome yake nesa, gociyar ba ta kai a gani ba, shi ya sa hotunan kewayen da ake yi wa duwatsu da teku suke fita sumul. Tsakar gida kuwa kome a kusa yake: ginshiƙi taku uku, igiya taku biyu, bango taku bakwai. Babu manhajar da za ta sulhunta hotuna biyu da suka saɓa a kan abin da ke bayan ginshiƙi.

Maganin shi ne kyamara ta juya a kan idonta, mutumin ya riƙa kewaya ta. A cikin gilashin kyamara akwai wani gurbi, can kusa da gaba, wanda idan a kansa aka juya, na kusa da na nesa ba sa gocewa juna. Masu sana'ar suna da wani kan ƙarfe na musamman da suke ɗorawa a kan sanda mai ƙafa uku domin wannan. Jikan ya samu aron kyamara daga wani abokin karatunsa, amma ba wannan ƙarfe, kuɗinsa kuma ba na ɗalibi ba ne. Sai ya bi dabarar marasa hali, wadda ta daɗe a hannun masu wannan aiki: a ɗaura zare a wuyan gilashin daidai wannan gurbi, a rataya wani abu mai nauyi a ƙarshensa, a sa alama a ƙasa. Muddin nauyin yana lilo a kan alamar, idon kyamara bai bar wurinsa ba. Zaren daga gwangwanin ɗinkin Kaka ya fito, nauyin kuma wani tsohon kwaɗo ne da makullinsa ya ɓata.

Saura wurin tsayawa. A tsakiyar filin akwai wani faffaɗan siminti da ya ɗan ɗara ƙasa tudu, murfin tsohuwar rijiya da aka toshe tun kafin a haifi uwarsa. Ya fi ko'ina daidaito, kuma daga kansa kowace kusurwa tana samun rabonta. A jikinsa akwai wata 'yar lotsawa mai kamar gurbin ƙwai, ƙura ta cike ta. Ya hure ƙurar, ya ce ga alama ta samu ba sai ya nemi alli ba.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ya riƙe kyamarar a tsaye, don rufi da ƙasa su shiga tare. Da gilashi mai milimita 35, a haka tana ganin faɗin digiri 38 ko kusa. Kowane hoto zai hau kan na bayansa da sulusi, wato a juya digiri 24 kowane karo, hoto 15 ke nan su cika 360. Sulusin nan shi ne rarar da tela ke bari a bakin yadi, wanda ya yi rowarsa zai rasa abin kamawa. Sa'an nan ya karɓe wa kyamarar duk wani ikon yanke hukunci. In an bar ta, da ta fuskanci farin bango sai ta rage haske, da ta fuskanci inuwar baranda sai ta ƙara, a ƙarshe sararin sama ya fito kala-kala kamar rigar faci. Ya auna haske a wuri matsakaici ya kulle, ya kulle nisan gani, ya kulle launi. Lokaci ma sai da ya zaɓa. Da hantsi rabin gidan yana cikin rana rabi yana cikin inuwa, ba saitin da zai gamsar da duka biyun. Ya jira safiyar da gajimare ya rufe Kumasi, abin da ba ya wuyar samu a garin, ya fito bayan an idar da asuba gari ya waye.

Abin da lissafi bai faɗa masa ba shi ne gida mai mutum talatin ba ya tsayawa. Ya roƙi kowa ya zauna inda yake na minti biyar. Aka zauna, na minti ɗaya. Mai koko ta leƙo, yaro ya ɓalle da gudu, wata ta tuna ta bar wake a wuta. Kowane hoto sai ya jira kwaɗo ya daina lilo, ya jira fili ya lafa, ya danna, ya matsa. Kewayen da ya yi wa wannan 'yar lotsawa ya ci minti goma sha ɗaya.

A kwamfuta ya yi amfani da Hugin, manhaja ta kyauta wadda aka gina a kan aikin wani malamin kimiyya Bajamushe, Helmut Dersch, da ya fitar a 1998. Yadda irin waɗannan manhajoji suke aiki abin sha'awa ne, don ba su san ƙofa ba, ba su san akuya ba. Ɗigo-ɗigo suke nema, wuraren da haske da duhu suka yi wata siffa da za a iya sake ganewa: kan ƙusa, tsagar bango, kusurwar taga. Hanyar da ta yi fice wajen wannan ita ce wadda David Lowe ya bayyana a 1999. In manhaja ta sami ɗigo iri ɗaya a hotuna biyu, sai ta ƙulla su, daga ɗaruruwan ƙulli kuma ta lissafo yadda kyamara ta juya, ta lanƙwasa kowane hoto ya zauna a mazauninsa, ta narkar da bakunan cikin juna. Tsohon bango abokinta ne, duk tabo shaida ne. Abin da ya rikita ta a wannan gida shi ne kwanon rufi, wanda kowane tudu nasa kamar ɗan'uwansa yake, har ta ƙulla na bakwai da na tara. Sabon fentin da wani ɗan haya ya shafa wa ɗakinsa ma bai ba ta abin kamawa ba. A waɗannan wurare jikan ya zauna dare biyu yana sa ƙullin da hannu, yana neman tsatsar da ta bambanta wani kwano da wani.

Da hoton ya haɗu, ginshiƙi ya tsaya cak, igiya ta miƙe daga bango zuwa bango. Sai dai Kaka ta fito sau biyu. Ga ta a hoto na uku zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ga ta kuma a na goma sha biyu, tsaye a bakin madafa ta ba da baya, hannunta ɗaya a kan bango. A cikin mintunan da ya yi yana jiran kwaɗo, ta gaji da zama ta tashi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kyamarar Cirkut, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1904, da kanta take juyawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kuma 'yan makaranta sun daɗe da gano cewa wanda ke farkon layi zai iya zagawa ta baya da gudu ya tsaya a ƙarshe, ya fito sau biyu. Abin da wasan yaran ya tona shi ne hoton kewaye ba ƙiftawar ido ɗaya ba ce. Hoto na yau da kullum yana iya rantsuwa cewa abin da ya nuna ya faru a lokaci guda. Na kewaye ba zai iya ba. Gefen hagunsa ya girmi gefen damansa da minti goma sha ɗaya, kuma a kowace mahaɗa wani ne ya zaɓi wanne lokaci zai rufe wanne.

Manhajar tana da wurin yin wannan zaɓi: a zana da'ira a kan abin da ba a so, ta ɗauko wurin daga hoton da ke maƙwabtaka. Da 'yan gida suka ji haka, sai buƙatu suka taso. Wani ya ce a cire jarkokin ruwa. Wata ta ce tsagar katangar baya abin kunya ce a kai Kano. Wani ma ya kawo shawarar a nemo hoton Alhajin a dasa shi a tsakiyar fili, tunda gidan ubansa ne. Jikan ya ƙi, kuma ya yi daidai, ko da yake iyakar da ya ja ba ta kai kaifin da yake zato ba. Ya riga ya cire rabin yaron da gudu ya yanke, ya zaɓi hoton da mai koko ba ta ciki. Wannan ma zaɓi ne. Amma akwai tazara tsakanin zaɓar ɗaya daga abubuwa biyu da suka faru a wannan safiya da shafe tsagar da ta shekara ashirin a bango. Dattijon gidan ya roƙa, da tsagarsa. Batun dasa shi a fili kuwa, mutumin da ya ƙirga shekarun rashinsa ɗaya bayan ɗaya ba zai gode wa wanda ya nuna masa cewa yana nan ba.

Saura Kaka. Ya kai mata kwamfutar har kan tabarma.

“Kaka, kin fito biyu. Wacce za a bari?”

Ta matso da fuskarta, ta daɗe tana duba ta zaune, sa'an nan ta tsaye. Hausarta irin ta Zango ce, wadda ba ta raba namiji da mace, kuma “ky” a bakinta “c” ce.

“Maigidana, wannan ya yi cau,” ta nuna ta zaune. “Amma wannan ne ya sani.” Yatsanta yana kan ta bakin madafa. “Ran da za su tafi, nan na tsaya. Ban iya rakiya ba.”

Ya tambaya ko a cire ta zaunen ke nan. Ta ce shi da ya ɗauko aikin tela, ya taɓa ganin an yar da yadi mai kyau don ya yi yawa? Aka bar su duka biyu.

A Adum aka buga hoton, tsawonsa santimita 180, faɗinsa 30. Aka naɗe shi cikin guntun bututun roba aka toshe bakunan, wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya tafi da shi. Kafin ya isa, magina sun fara sauke kwanon ɗakunan gaba, tifa ta juye yashi a tsakar gida.

Da aka warware takardar a gaban dattijon, shiru ya yi, sa'an nan ya ce wannan ba gidansu ba ne, gidansu ba shi da doro. Gaskiyarsa. Kewaye ne aka shimfiɗe a kan abu miƙaƙƙe, don haka kowane dogon bango ya fito a gantsare, tsakiyarsa ta kumburo, gefunansa sun zube, ƙofar shiga kuma ta rabu, rabi a wannan ƙarshe rabi a wancan. Aka kira Kumasi. Jikan ya ce a haɗa bakin takardar biyu, hoton yana ciki, a ɗaga ta daidai idon Alhaji. Jikoki uku suka riƙe ta kamar gammo, suka zura masa ta ka. Dabarar Barker ce ta shekara ɗari biyu da wani abu, an yi ta da takarda a wani ɗaki a Kano. Daga tsakiya bangaye suka miƙe, ƙofar ta koma guda.

Ya fara juyawa a hankali, yana kiran ɗakunan da sunayen mutanen da suka daɗe a kabari. Ya wuce yayarsa a zaune bai ce kome ba. Da ya iso bakin madafa ya tsaya, har hannun yaran ya fara rawa. Bai tambayi dalilin fitowarta sau biyu ba. Ya ƙarasa kewayen, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa, inda ba kome sai ƙafafunsa da tabarmar ɗakinsa.

Ya karɓi wayar. “Abokina, ina rijiya?”

Jikan ya ce ai a kanta ya tsaya, shi ya sa ba ta fito ba. Hoton kewaye yana ganin ko'ina ban da inda mai ɗauka yake.

“A kan murfin akwai sawu. Ranar da aka zuba simintin na taka, ina ɗan shekara bakwai. Baba ya zane ni, amma bai sa an shafe ba.”

Washegari da asuba jikan ya ari shebur a wurin magina. Yashin ya kai ƙugu, sai da rana ta fito ya kai ga simintin. Ya share, ya kawo ruwa a buta ya zuba. 'Yar lotsawar da kwaɗonsa ya yi minti goma sha ɗaya yana lilo a kanta dunduniya ce. Gaba da ita kaɗan, da ruwan ya kwanta, yatsu uku suka fito, sauran biyun ƙafafun gida sun cinye su. Ya ciro wayarsa ya fuskantar da ita ƙasa, ya ja da baya don kada silifas ɗinsa su shiga, ya ɗauka sau ɗaya.